Yadda za ka hana ɗumi tserewa daga gidanka a lokacin sanyi

Shekarar farko da na yi a wani tsohon gidan haya, hita ba ta huta ba tun shigowar sanyi har fitarsa, amma ƙafata ba ta taɓa yin ɗumi ba. Ina zaune a falo fuskata tana shan zafi, idon sawuna kuwa kamar an tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Na ɗora wa hitar laifi, na sayo wata. Kuɗin wuta ya hau, sanyin ƙafa yana nan daram. Sai wani dare na durƙusa ina laluben makullin da ya faɗi kusa da ƙofa, na ji iska tana hura mini bayan hannu ta ƙarƙashin ƙyaure, siririya, ba ta ɗaukewa ko na ƙiftawar ido. Ashe duk watannin nan ruwa nake ɗurawa a rariya.

Kafin ka ƙara wa gida zafi, ka fara hana wanda ke ciki gudu. Ɗumi kullum yana barin inda yake da yawa ya nufi inda babu, kuma ta hanya uku yake bi: yana ratsa bango da rufi da gilashi, yana bin iskar da ke fita ta kafofi, yana kuma haskawa daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, yadda kake jin wuta a fuska ba ka taɓa ta ba. Abin da ya fi tare shi kuwa iska ce da aka tsare wuri guda ba ta motsi. Bargo ba ya haifar da zafi. Iskar da ta maƙale tsakanin zarensa ce ke riƙe ɗumin jikinka. Duk kayan da ake sa wa gida don riƙe ɗumi a kan wannan hikimar aka yi su. Shimfiɗar audugar gilashi, wato siraran zaren gilashi masu laushi kamar auduga, mai kaurin santimita 10 tana tare zafi kwatankwacin bangon jan bulo mai kaurin kusan mita biyu, saboda yawancinta iska ce a ɗaure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyos lokacin sanyi, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya ma sukan buƙaci fiye da haka. Wannan shi ne mizanin da za mu riƙe.

Da farko, nemo inda gidan ke yoyo

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka yi wannan aikin tun sanyi bai kankama ba. Zaɓi ranar da ake iska. Rufe duk ƙofofi da tagogi, kashe fanka, ka kunna turaren tsinke ka riƙa bin gefen kowace ƙofa da taga sannu a hankali. Inda babu matsala hayaƙin zai miƙe sama sak. Inda akwai kafa za ka ga ya karkace, wani wurin ma ya kwanta kamar an hure shi da baki. In ba turare, jiƙa bayan hannunka da ruwa, zai ji iskar da busasshen hannu ba zai ji ba. Da dare kuma ka sa wani ya tsaya a waje yana haska tocila a gefen ƙofa kana ciki fitila a kashe. Duk inda haske ya shigo, iska ma tana shigowa.

Kada ka tsaya kan ƙofa da taga kawai. Duba inda bututun ruwa ya ratsa bango a kicin da banɗaki, inda wayar lantarki ko ta intanet ta shigo, gindin bango inda ya haɗu da daɓe, gefen fitilun da ke jikin silin, da murfin da ake bi a hau cikin rufi. Kafofin sama sun fi yadda ake ɗaukarsu muhimmanci. Iska mai ɗumi tana tashi sama, in ta sami hanya ta fice, fitarta kuma ita ce ke zuƙo mai sanyi ta ƙasa. Sanyin da nake ji a idon sawu rabinsa daga silin ya samo asali, ban sani ba.

Ka sami ƙaramin ma'aunin zafi, wanda ke nuna yawan laima a iska ya fi. Kashe hita ƙarfe goma na dare ka rubuta abin da ya nuna, ka sake dubawa ƙarfe shida na safe. Ajiye takardar, za mu dawo kanta.

Sai toshe kafofi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sanyi ma haka. Wannan ne mataki mafi sauƙi, kuma a daren ranar za ka ji bambanci. Lissafa ka gani: ƙofa mai faɗin santimita 90, in akwai tazarar milimita 5 tsakaninta da daɓe, daidai take da rami mai faɗin santimita 45 murabba'i, wato kusan tafin hannun yaro, a buɗe dare da rana. Da a tsakiyar bango ramin yake, ba wanda zai kwana bai toshe shi ba.

A ƙasan ƙyaure a ɗaura burushi ko roba mai share ƙasa, irin wanda ake kama shi da sukurori. Auna faɗin ƙofar, yanke shi daidai, ka sa shi yana ɗan shafar daɓe ba tare da ya hana ƙofar buɗewa ba. Kafin ka samu, tsohon ƙyalle da aka ɗinke kamar doguwar matashi aka cusa masa tsummoki yana yin aikin, illarsa dai sai an mayar da shi duk lokacin da aka fita. A gefe da saman ƙofa kuma a liƙa siririn soso ko roba mai gam a baya. Wanke wurin tukuna, ka bari ya bushe sarai, don gam ba ya kama ƙura ko maiƙo. Kaurin ma a kula: in ya yi siriri bai toshe komai ba, in ya yi kauri ƙofa ta ƙi rufuwa a yi ta dannawa har hinji ya sassauta. Gwajin mai sauƙi ne. Maƙala takarda a tsakani ka rufe ƙofar ka ja. In ta zare ba turjiya, da sauran aiki.

Tsagar da ba ta motsi, kamar tsakanin firam ɗin taga da bango ko gindin bango, silikon ko makamancinsa ake cike ta da shi, a bi da jiƙaƙƙen yatsa a lallaɓe. Manyan ramuka na gefen bututu kuwa akwai kumfar gwangwani da ake fesawa ta kumbura ta daskare. Fesa kaɗan, domin kumburinta ya fi yadda kake zato, kuma kada ka kusanta ta da bututun hayaƙi ko wani abu mai zafi.

Kafar da ba a toshewa

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Kafofin gida iri biyu ne. Akwai waɗanda tsufa da sakacin gini suka haifar, su ne muke toshewa. Akwai kuma waɗanda magini ya bari da gangan don gida ya numfasa: ragar iska a bango, bulo mai huda-huda a gindin gini, fankar da ke zuƙe tururi a kicin da banɗaki, da mashigar iska ta ɗakin da ake kunna wani abu mai cin gas, kananzir, itace ko gawayi. Waɗannan ko kusa kada ka taɓa su.

Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka mura ce ya kwanta, a barci kuma take kashewa. Kada a shigo da garwashi ko janareta ɗakin da aka rufe, ko da na ɗan lokaci ne, kuma kada a kunna murhun girki don ɗumama ɗaki. In gidan yana da wani abu mai cin gas, kananzir, itace ko gawayi, a sa na'urar da ke yin ƙara idan gubar ta taru. In mutanen gida suna ciwon kai tare, kuma yana sauka da zarar sun fita waje, a buɗe ko'ina, a kashe wutar, a fita, a nemi likita.

Abu na biyu laima ce. A shekarar da na gano kafar ƙofa, murna ta sa na bi gidan na liƙe komai, har ragar iskar ɗakin kwana na manna mata kwali. Ɗaki ya yi ɗumi ƙwarai. Bayan wata guda na janye kabad don shara, sai ga bangon bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna daga ƙasa har tsayin gwiwa, takalman da ke ciki sun yi fari-fari, wani wari mai nauyi yana tashi. Numfashinmu da girki da wanka da shanyar kaya duk tururi suke zubawa a iska, in bai sami mafita ba sai ya sauka a wuri mafi sanyi ya koma ruwa. Iskar ɗaki mai digiri 20 da laimar kashi 60 cikin 100 tana fara yin raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 12, kuma gilashin taga da kusurwar bangon waje suna kai wa nan cikin sauƙi.

Maganin shi ne ka riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 60. Rufe tukunya in ana girki, rufe ƙofar banɗaki bayan wanka a buɗe tagarsa, kada a yi shanya a ɗakin kwana. Kullum a wangale tagogi na minti biyar zuwa goma, iska ta ratsa, a rufe. Wannan ya fi a bar taga a ɗan buɗe yini guda, domin a ɗan lokacin iskar ce kawai ke sauyawa, bango da kaya ba su kai ga hucewa ba. A kuma bar tazarar 'yan yatsu tsakanin kabad da bangon waje.

Rufi, inda riba ta fi yawa

A ƙiyasin da ake amfani da shi a Birtaniya, gidan da ba a yi wa komai ba yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi, kaurin audugar da ake ba da shawarar shimfiɗawa a can kuma milimita 270 ne. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar gwargwadon sanyinta, amma darasin ɗaya ne: in kuɗinka na aiki guda ne, a kan silin za ka kashe shi. Wannan shimfiɗar kuma ita ce za ta tare maka zafin rufi idan bazara ta zo.

Kafin ka sayi komai, hau ka duba da tocila. Ka nemi alamar yoyo, ruɓaɓɓen katako, ko wayar lantarki da ta tsufa. A gyara waɗannan tukuna, domin audugar da ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, sai ma ta riƙe ruwa a jikin katako. In ka tarar da wata tsohuwar shimfiɗa mai kama da tsakuwa mara nauyi, mai ɗan ƙyalli, ko tsofaffin allunan da ba ka san da me aka yi su ba, kada ka motsa su. Wasu tsofaffin kayan gini suna ɗauke da wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbestos, ƙurarsa kuma tana lalata huhu bayan shekaru. A kira masani ya gwada.

Shiri: takunkumin ƙura mai kyau, tabaran kariya, safar hannu, riga mai dogon hannu, da faffaɗan katako da za ka gitta ka durƙusa a kai. Audugar gilashi tana sa ƙaiƙayi, ƙurarta kuma ba abin shaƙa ba ce. Kada ka kuskura ka taka silin kansa; a kan katakan da ke riƙe da shi kawai ake ɗora nauyi. Ka tabbata akwai wani a ƙasa da ya san kana sama.

Fara da toshe ramukan da ke jikin silin, na wayoyi da bututu, don auduga tana tare zafi amma iska tana ratsa ta. Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin katakan, galibi santimita 40 ko 60 ce, ka sayi naɗin da ya dace. Shimfiɗa ta farko a kwantar da ita tsakanin katakan, daga can ƙuryar rufi kana ja da baya zuwa wajen murfin, don kada ka tattake abin da ka gama. Ta biyu a gitta ta a kan ta farko, ta rufe katakan su ma, domin katako ya fi auduga barin zafi ya wuce. Inda ake bin ƙa'idar milimita 270, yawanci 100 ne a ƙasa, 170 a sama. Haɗa bakin kowane yanki da na kusa da shi ba tare da rata ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa. Mutum ya ga auduga ta yi tsiri sai ya tattake ta, ko ya jibga mata akwatuna. In ka matse ta ka kore iskar da ke cikinta, iskar kuwa ita ce ke aikin. Mai son ajiya a rufi ya ɗaga dandamali a kan ƙafafu sama da audugar. Kuskure na biyu shi ne cusa ta har cikin bakin rufi inda iska ke shigowa. A bar wannan hanyar a buɗe, aƙalla santimita biyu da rabi zuwa biyar tsakanin auduga da rufin, domin bayan aikin cikin rufin zai ƙara sanyi, kuma iskar da ke ratsawa ce ke kwashe laimarsa. In kayan da ka saya suna da leda ko takardar hana tururi a gefe guda, wannan gefen yana kallon ƙasa, wajen ɗumi.

Kada a binne wayoyi masu ɗaukar wuta mai yawa, kamar na hitar ruwa, a ɗago su sama da shimfiɗar. Fitilun da aka nutsa cikin silin da bututun hayaƙi a ba su tazara, ko a sa musu murfin da aka yi don haka. In akwai tankin ruwa a rufi, a naɗe gefensa da samansa amma a bar ƙarƙashinsa ba shimfiɗa, don ɗan ɗumin da ke tasowa ya hana shi daskarewa. Bututun ruwa ma a sa musu rigar soso; ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, shi ke fasa bututu. Daga ƙarshe murfin hawa: manna masa allon soso mai tauri a baya, ka zagaye bakinsa da roba.

Tagogi da daɓe

Gilashi falle ɗaya shi ne wuri mafi rauni a jikin bango. Mai falle biyu da iska a tsakani yana rage asarar da kusan rabi, na zamani ma fiye da haka. In sauya taga ya fi ƙarfinka, ko gidan na haya ne, akwai siririyar leda mai haske da ake liƙawa a firam ta ciki da salatif mai fuska biyu, a bi ta da na'urar busar da gashi har ta miƙe ta yi santsi kamar fatar ganga. Iskar da ta tsare tsakaninta da gilashin ita ce ribar. Ka bar taga ɗaya a kowane ɗaki da za a iya buɗewa, don shan iska da kuma gudun gobara.

Labule mai kauri da shafi a baya yana taimakawa sosai in ya wuce faɗin tagar ta kowane gefe ya kuma matso bango. A zuge shi da rana a tagar da hasken rana ke bugawa, ɗumi ne na kyauta, a rufe da zarar rana ta faɗi. Kada labule ya lulluɓe hita, hatsari ne kuma yana tura zafin wajen gilashi.

Daɓe ba ya buƙatar dogon bayani. Na siminti ko tayil a shimfiɗa masa kafet mai kauri da soso a ƙarƙashi, musamman inda ake zama da gefen gado. Na katako a cike tsagogin da ke tsakanin allunan, amma a bar hudojin iskar da ke ƙarƙashin ginin a buɗe don kada katakon ya ruɓe.

Bango, aikin masu sana'a

Ta bango ake asarar da ta fi kowacce, wajen kashi ɗaya cikin uku a wancan ƙiyasin, amma na bar shi a ƙarshe da gangan, domin shi ya fi tsada kuma shi ya fi saurin ɓaci. In bangon falle biyu ne da rata a tsakani, ana huda shi daga waje a hura kayan riƙe ɗumi a ciki, muddin ratar tana da tsabta kuma ruwan sama ba ya dukan bangon da ƙarfi. In falle ɗaya ne, ko dai a manna alluna ta waje a yi filasta a kai, wanda ya fi inganci don yana lulluɓe ginin gaba ɗaya, ko a manna ta ciki, wanda ke cin faɗin ɗaki ya kuma bar asalin bangon cikin sanyi, inda laima kan taru a ɓoye in ba a yi shi daidai ba. A ganina, da muguwar rawa gara ƙin tashi: bangon da ke da danshi kada a rufe shi da komai sai an gano daga ina ruwan yake an gyara. Duk wanda zai yi maka aikin ka tambaye shi yadda zai bi da gefen tagogi da kusurwoyi, da kuma ta ina tururin gidan zai fita bayan ya gama. In ya yi ta kame-kame, nemi wani.

Wanda ba shi da halin yin gida duka ya zaɓi ɗaki ɗaya, ƙarami, mai ƙarancin bangon waje, ya yi masa ƙofa da taga da labule da kafet, a riƙa rufe ƙofarsa.

Yanzu ɗauko takardar nan. A daren da sanyinsa ya yi kama da na farko, sake kashe hita ƙarfe goma ka duba ƙarfe shida. In ɗumin da ke zubewa cikin dare ya ragu, aikin ya kama. In laima ta haura kashi 60 ta zauna, ko gilashi ya fara kwana da raɓa fiye da da, gidan yana neman ƙarin iska, a ƙara yawan buɗe taga. Bayan sati biyu da shigar sanyi sosai ka sake hawa rufi da tocila da sassafe, ka shafa katakan da ƙasan rufin. In ka ji su a jiƙe, je ka duba bakin rufi, ka janye audugar da ta toshe hanyar iska.